Yadda Za Ka Tsara Atisayen Jita Na Kullum In Kana Sabon Koyo

Shekarata ta farko da jita kusan a banza ta tafi, alhali kullum da yamma ina zaune da ita a ƙofar ɗaki, wani lokacin har awa biyu. Abin da na riga na iya shi nake ta maimaitawa saboda shi ne mai daɗi a kunne, duk wanda ya ba ni wuya kuwa sai in tsallake shi. Sai da wani dattijo mai kiɗa a wuraren biki ya saurare ni, ya ce kiɗa nake yi ba koyo ba, ya sa na sayi littafi na raba lokacina kashi-kashi. A wata uku na ga ci gaban da ban gani ba a shekara. Tsarin da na ɗauka daga wurinsa, na yi ta gyara shi a kan yaran da na koyar bayan nan, shi zan shimfiɗa maka. Minti 30 ne a rana.

Kayan aiki

Jita ita ce farko. Ta katako iri biyu ce: mai tsirkiyar nailan, wadda wuyanta ke da faɗi kuma ba ta cin yatsa sosai, da mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ta fi amo amma ta fi zafi a hannu. Yamaha C40 misali ce ta farkon, F310 ta na biyun, kuma duka biyun sun isa mai koyo. Ta lantarki ma tana yi, sai dai a inda wuta ke zuwa tana tafiya, ta katako ta fi rufin asiri.

In ta hannu za ka saya, ga abin da za ka duba kafin fenti ko suna. A wuyan jita akwai sandunan ƙarfe a jere, makaɗa na kiransu firet; filin da ke tsakanin kowane biyu zan riƙa kiransa gida. Je gida na 12, ka dubi tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfen. A jitar ƙarfe kada ta wuce milimita 3, a ta nailan milimita 4. In ka ga biro zai iya shigewa ta ƙarƙashi, ka bar ta ko kyauta ce, don irinta ce ke sa mutum ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba. Kuma kada ka taɓa ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan. Jan ƙarfe ya kusa ninka na nailan, yana iya ɓamɓare katakon da tsirkiyoyi ke zaune a kansa, wanda masu goge da garaya ke kira jaki.

Sauran kayan ba su da tsada. Manhajar saita murya a waya, kamar GuitarTuna ko Fender Tune. Manhajar metronom, mai ƙirga bugu. Fik, wato 'yar robar da ake kaɗawa da ita, mai laushi, kauri kamar milimita 0.46 zuwa 0.60. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Abin yanke farce, busasshen tsumma, da kujera marar hannu ko benci.

In babu fik, yanki tsohon katin ATM ko robar da layin waya ke zuwa a jiki, ka goge bakin a siminti ya yi sumul. Babban yatsa ma yana yi. In babu metronom, agogon bango mai ƙas-ƙas yana buga 60 a minti, kuma daga 60 ɗin za mu fara. In jitar ta aro ce, ku tsayar da lokaci da mai ita. Mdou Moctar, makaɗin nan ɗan Nijar da ke zagaya duniya, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Lambobin da za mu yi aiki da su: tsirkiya ta 1 ita ce mafi siranta, wadda ke kusa da ƙasa in ka rungumi jita, ta 6 ita ce mai kauri ta sama. Sababbi kan juya wannan lissafin. Yatsun hagu kuma, manuni 1, na tsakiya 2, na zobe 3, ƙarami 4. In kai bahago ne mai jitar bahagwai, duk inda na ce hagu ka karanta dama.

1. Tsayar da lokaci da wuri

Rataya atisayen a jikin wani abu da kake yi kullum ba fashi: bayan la'asar, bayan cin abincin dare, ko da safe kafin fita kasuwa. Wanda ya ce zai yi in ya samu sarari ba zai yi ba. Minti 30 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai, domin yatsa da maimaici yake koyo, kuma abin da ka sa masa yau sai ya kwana yake zama.

Kada ka zauna nan take bayan wanki ko wanke-wanke. Fatar yatsa ta jiƙa ta yi laushi, tsirkiya za ta yanke ta. In gidan haya ne ko akwai masu barci, naɗe safa ka cusa ƙarƙashin tsirkiyoyi kusa da jaki, amon zai mutu amma hannu zai yi aikinsa. Waya kuma, ka kashe data. Manhaja biyu kawai kake buƙata a cikinta.

2. Saita murya da gyara zama, minti 2

Kullum ake saitawa, ko da jiya ka saita. Daga ta 6 zuwa ta 1 sunayensu E, A, D, G, B, E. A Nijar da sauran ƙasashen da ke karatu da Faransanci za ka ji ana cewa Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, abu ɗaya ne. Kaɗa tsirkiya guda, ka murɗa kunnenta a hankali har manhaja ta nuna daidai. In ka zarce, sassauta ka koma ƙasa sannan ka sake hawowa. Tsirkiyar da aka saita ta hanyar ɗaurewa ta fi riƙe murya. Ka tabbata kunnen da kake murɗawa na tsirkiyar da kake kaɗawa ne, don yawancin tsirkiyar da sababbi ke tsinkawa ta nan ne.

Ranar da waya ba caji, yi da kunne. Danna ta 6 a gida na 5, muryarta ita ce ta ta 5 a sake. Haka za ka bi daga ta 5 zuwa ta 4, da ta 4 zuwa ta 3. Ta 3 kaɗai ake dannawa a gida na 4 don a samu ta 2. Sannan ta 2 a gida na 5 ta ba ka ta 1.

Zauna a bakin kujera, ƙugun jita a cinyar dama, wuyanta ya ɗan ɗaga sama. Hannun hagu ba shi ke ɗauke da jita ba. In ka sake shi ta sunkuya, zamanka bai yi ba. Babban yatsan hagu yana bayan wuya, kusan daidai da yatsa na 2. Farcen hagu a yanke ƙwal. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mugun riƙo in ya kama hannu yana cin watanni kafin ya fita.

3. Ɗumama yatsu, minti 5

Je gida na 5, inda gidaje suka fi na farko-farko matsuwa. A tsirkiya ta 1, sa yatsa 1 a gida na 5, yatsa 2 a na 6, yatsa 3 a na 7, yatsa 4 a na 8, kana kaɗa kowanne sau ɗaya tare da bugun metronom a 60. Ka hau ta 2, ta 3, har ta 6, ka dawo. Fik yana sauka yana hawa, ƙasa sama, ƙasa sama.

Da kan yatsa ake dannawa, daf da bayan ƙarfen gida, ba a kansa ba, ba kuma can baya ba. Ga gwajin da nake sa kowane ɗalibi ranar farko: ɗora yatsa a tsirkiya ba tare da dannawa ba, ka yi ta kaɗawa kana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har murya ta fito fes. Wannan nauyin shi ne iyakar abin da ake so, kuma za ka tarar bai kai rabin yadda kake matsawa ba. Ƙaramin yatsa zai riƙa tashi sama shi kaɗai. Kada ka cire shi daga aikin, shi ya fi kowa buƙatarsa.

4. Kod da sauyawa, minti 10

Nan ne zuciyar atisayen, kuma nan mutane ke gudu. Kod shi ne muryoyi uku ko fiye da ake kaɗawa tare. Fara da biyu kacal.

Em: yatsa 2 a tsirkiya ta 5 gida na 2, yatsa 3 a ta 4 gida na 2. Kaɗa duka shida.

Am: yatsa 1 a ta 2 gida na 1, yatsa 2 a ta 4 gida na 2, yatsa 3 a ta 3 gida na 2. Ba a taɓa ta 6.

Minti 4 na farko na tsabtace kod ne. Kama shi, ka kaɗa gaba ɗaya, sannan ka bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wadda ta yi zzz, ko dai yatsa ya yi nisa da ƙarfe ko bai danna sosai ba. Wadda ta yi dum kamar an toshe mata baki, cikin wani yatsa ne ya kwanta a kanta. Tanƙwara gaɓar ƙarshe ta yatsan ya tsaya a kan ƙafarsa. Gyara, sake kaɗawa, cire hannu gaba ɗaya ka ɗora a gwiwa, ka sake kamawa. Cirewar nan da sake kamawar ita ce karatun. Wanda ya kama kod sau ɗaya ya riƙe minti biyar, sau ɗaya ya koye shi.

Minti 6 da suka rage na sauyawa ne. Sa agogo na minti ɗaya, ka yi ta komawa tsakanin kod biyu, kaɗi ɗaya a kowanne, kana ƙirga sau nawa ka sauya. Rubuta adadin a littafi. Huta, ka ɗauki wasu biyun. A abin da na gani, sabon hannu kan fara da 8 ko 10. In ka kai 30 za ka iya shiga waƙa a hankali, in ka kai 60 sauyin ya zauna. Wannan lambar ce za ta riƙe ka a makonnin da kunnenka ke gaya maka ba ka ci gaba, domin za ka buɗe littafi ka ga 11 ya zama 19.

Daga mako na biyu ka riƙa ƙara kod ɗaya bayan ɗaya.

C: yatsa 1 a ta 2 gida na 1, yatsa 2 a ta 4 gida na 2, yatsa 3 a ta 5 gida na 3. Ba a taɓa ta 6.

G: yatsa 1 a ta 5 gida na 2, yatsa 2 a ta 6 gida na 3, yatsa 3 a ta 1 gida na 3.

D: yatsa 1 a ta 3 gida na 2, yatsa 2 a ta 1 gida na 2, yatsa 3 a ta 2 gida na 3. Tsirkiya huɗu na ƙasa kawai ake kaɗawa.

Kafin ka fara sauya kowane biyu, tsaya ka duba abin da suka haɗa. Daga Am zuwa C, yatsa 1 da 2 ba sa motsi ko kaɗan, na 3 ne kaɗai ke tashi daga tsirkiya ta 3 ya koma ta 5. Na ga masu ɗage hannu duka suna sake ginawa daga tushe, suna ɓata lokaci a kan abin da yatsa ɗaya zai yi. Haka in ka ɗauki siffar Am yadda take ka matsar da kowane yatsa sama da tsirkiya ɗaya, ka samu kod ɗin E. Inda ba su haɗa komai ba, kamar C da G, lura da yatsan da ke zuwa a makare, ka riƙa sa shi farko har ya kamo 'yan'uwansa.

Game da F, wanda ake shimfiɗa yatsa 1 a kan tsirkiya shida, ra'ayina shi ne ka bar shi sai bayan wata uku. Ya kori mutane da yawa daga jita. In waƙa ta nema, yi ƙaraminsa: yatsa 1 a ta 2 gida na 1, yatsa 2 a ta 3 gida na 2, yatsa 3 a ta 4 gida na 3, ka kaɗa huɗu na ƙasa. Muryarsa ta ɗan bambanta, amma zai fitar da kai.

5. Hannun dama da kari, minti 8

Masu sauraro na yafe kod da bai fita sosai ba, amma kowa na jin kari in ya karye, har wanda bai taɓa riƙe jita ba. Don haka hannun dama yake da nasa lokacin.

Ɗora yatsun hagu a kan tsirkiyoyi sama-sama su kashe murya, ya zama caka-caka kawai kake ji. Metronom a 60. Kaɗa ƙasa a kowane bugu, kana ƙirgawa da baki, 1, 2, 3, 4, ƙafarka na taka ƙasa. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa a sake, kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu. In wannan ya zauna, ƙara hawowa a tsakani: 1 da 2 da 3 da 4 da, lamba tana sauka, "da" tana hawa.

Sirrin shi ne hannu ba ya tsayawa. Yana sauka yana hawa ko da bai taɓa tsirkiya ba. Salon kiɗa yana fitowa ne daga wuraren da ka bari hannu ya wuce a iska. Gwada wannan: taɓa a 1, a 2, a "da" ta bayan 2, bar 3 ya wuce a iska, taɓa "da" ta bayansa, sannan 4 da "da". Zai fito ƙasa, ƙasa sama, sama ƙasa sama. Waƙoƙi masu yawa a kansa suke tafiya. In ka lura da kiɗan kalangu ko jitar mutanen Agadas, za ka ji sau da yawa bugun yana rabuwa uku maimakon biyu. Ba shi nasa minti biyu: kowane ƙas na metronom ka ƙirga 1-2-3, kana ƙarfafa na farko.

Sai a minti uku na ƙarshe za ka haɗa da kod. In lokacin sauyi ya zo hagu bai shirya ba, dama ya ci gaba da tafiyarsa, hagu ya tarar da shi. In abin ya ci tura, rage gudu zuwa 50. Ƙa'idata ita ce sai ka yi sau uku a jere ba kuskure kafin ka ƙara 5. Wanda ke atisaye da gudu yana kuskure, kuskuren yake haddacewa.

6. Waƙa, minti 5

Zaɓi waƙa ɗaya da kake so, mai kod biyu ko uku, ka zauna a kanta har ta ƙare. Kada ka tara farkon waƙoƙi goma. In akwai gaɓar da kake tuntuɓe a kai kullum, ciro ta ita kaɗai, ka yi ta sau goma a hankali, sannan ka mayar da ita cikin waƙar.

Daga wata na biyu ina so ka riƙa ba da rabin wannan lokacin ga neman waƙa da kunne. Kiɗanmu na gargajiya galibi a kan muryoyi biyar yake tafiya, kuma ga su a bakin wuyan jita: tsirkiya ta 6 a sake da gida na 3, ta 5, ta 4 da ta 3 a sake da gida na 2, ta 2 da ta 1 a sake da gida na 3. Hau ka sauka a kansu har hannu ya saba. Sannan rera wata waƙar gaɗa ko ta tashe da ka sani tun kana yaro, ka nemi muryarta ta farko a cikin waɗannan, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wani yaro da nake koyarwa ya tsinci waƙar da kakarsa ke yi wajen daka a tsirkiya biyu, ya kasa zama, ya tashi da jitar ya shiga cikin gida don a ji. Irin wannan ba a samunsa a bidiyo.

7. Littafi da duba kai

Kafin ka tashi, rubuta layi uku: kwanan wata, lambobin sauyin kod da gudun metronom, sai abu ɗaya da ya fi ba ka wuya. Gobe da shi za ka fara.

Ranar da hidima ta yi yawa, yi minti 10: saita murya, sauyi uku na minti ɗaya-ɗaya, sauran a kari. Rana ɗaya a mako ka ajiye tsarin, ka kaɗa abin da ranka ke so. A ranar ka ɗauki muryar kiɗanka a waya, ka ajiye. Sai bayan mako huɗu za ka saurari na farko da na ƙarshe a jere.

Wata na farko na Em, Am, C, G ne da kaɗi ƙasa kawai. Na biyu ya kawo D da E, salon ƙasa da sama, da waƙar farko cikakkiya. A na uku ka nemi wanda za ku yi tare, ko mai ganga, ko mai rerawa, ko wani makaɗi na coci ko na biki da zai dubi hannunka na minti goma. Bidiyon YouTube na da amfani, amma ka riƙe malami ɗaya ka bi darussansa a jere, kuma kallo ba ya cikin minti 30 ɗin.

8. Ciwon yatsu

Kan yatsu zai yi zafi, ya yi ja, tsirkiya ta bar layi a kai. Cikin mako biyu zuwa huɗu kanta za ta fito, zafin ya tafi. Kafin nan raba atisayen biyu, 15 da safe 15 da yamma. Kada ka ɓare kantar, kuma in fata ta yi bororo ka huta har ta warke. In tsirkiyar ƙarfe ce ta yi maka tauri, nemi mafi siranta, wadda aka rubuta 10 a jikin ledarta maimakon 12.

Ciwon wuyan hannu, gwiwar hannu ko kafaɗa daban ne, ba a jure masa. Alama ce kana matsawa fiye da kima ko ka karya wuyan hannu da yawa. Tsaya, gyara zama, in ya ƙi tafiya bayan kwanaki ka ga likita.

9. Adana jita

Goge tsirkiyoyi da busasshen tsumma duk bayan atisaye, sama da ƙasa. Gumin bazara na sa su tsatsa cikin 'yan makonni. In suka dushe ko suka daina riƙe murya, canja su duka. Sababbin tsirkiyoyi za su yi ta sassautawa, na ƙarfe kwana ɗaya ko biyu, na nailan har mako, ba lalacewa ba ce.

Babban abokin gabar jita a ƙasarmu hunturu ne. Katakonta ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a hunturu kuwa yakan faɗi ƙasa da 20. Tawa ta farko a jikin bango na rataye ta kusa da taga a watan Janairu, wata safiya na tarar fuskarta ta tsage daga jaki zuwa ƙasa, kuma ko da aka liƙe muryarta ba ta dawo ba. Alamar farko ita ce bakin ƙarafan gida ya fara kartar hannu, saboda katakon wuya ya tsuke. Daga Nuwamba ka riƙa ajiye ta a jakarta, nesa da rana da bangon da ke ɗaukar zafi, kada kuma ka bar ta a mota. Jiƙa ɗan soso, ka matse shi sosai har ba ya ɗiga, ka sa a kwanon sabulu mai huji ko leda da ka huhhuda, ka ajiye a cikin jakar inda ba zai taɓa katako ba. Duba shi duk bayan kwana biyu ko uku, in ya bushe ka sake jiƙawa. Da ruwan farko ya sauka sai ka cire soson, ka sa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi a madadinsa.